Kunnen Ragon Sayyada

"Maida shi baya," in ji Harisu.

Shamsu mai shayi ya ja hoton da ɗan yatsa, ya sake miƙa masa wayar. A cikin gilashin wani farin rago ne tsaye a kan dutse, an ɗaura masa jan mayafi a wuya, iska tana kaɗawa. Aka buga ganga. Ragon ya ja da baya kamar zai kai karo, ya ƙara ja, sai kawai ya tashi sama da baya da baya, ya bi ta kan rufin gidaje yana kallon inda ya baro. Mutanen da ke kan benci suka sake fashewa da dariya, ko da yake tun da aka fito masallaci suke kallon tallar nan.

"Baba Harisu, ragonka ya fi ka suna," in ji Shamsu. "Kai a nan unguwarmu ta Didawure kaɗai aka san ka. Shi har Lome."

"Inda ya juyo da kai. Tsayar a nan."

Shamsu ya tsayar. Harisu ya kawo wayar dab da idonsa, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Kunnen hagu a tsage yake. Ya rabu biyu, ɓangare ɗaya ya langaɓe.

"Wannan fa?"

"Aikin inji ne, Baba. Ka taɓa ganin ragonka ya tashi sama? To yadda suka ɗaga shi da ƙarya, haka suka tsaga kunnen da ƙarya."

Harisu ya ƙara duba kunnen. A bakin tsagar akwai shuɗi-shuɗi, irin na maganin da ake fesa wa dabba a kan sabon rauni. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya bar shayinsa bai sha ba, ya tashi. Jibi Sallar Layya.

Ragon ba nasa ba ne. Na matarsa ne, Sayyada. Ita ta sayo shi yana ɗan ƙarami daga kasuwar Kambole, ta yi kiwonsa da dusa da ragowar ƙullun kokon da take sayarwa a ƙofar gida. Duk tsawon aurensu layyarsa take ci, wannan karon ta ce za ta yi tata. Ciwo ya kama ta tun kafin azumi. Ranar da za a kai ta asibiti, mata biyu na riƙe da ita, ta tsaya a tsakar gida ta nuna ragon da baki.

"Wannan ne layyata ta bana," ta ce. "Ko ina nan ko ba na nan."

Ba ta dawo gidan ba.

Autarsu Hadiyya ita ce mai zane. Tun tana makaranta ba ta barin bango ko bayan kwali. Harisu bai taɓa ɗaukar zane sana'a ba, har yau ma bai ɗauka ba. Ta yi wasu littattafan zane a kan wani rago, 'yan makaranta suka yi ta rububinsu, sai wasu mutanen Lome suka maida labarin shirin talabijin, kashi-kashi, kowane mako. A zango na farko mutum aka sa wa kayan rago, jama'a suka yi ta tsiya wai ƙafafunsa na ɗan ƙwallo ne. Da za a yi na biyu suka ce rago na gaske suke so, fari tas, babba, mai murɗaɗɗen ƙaho. Bayan ƙaramar Sallah Hadiyya ta zo gida ta durƙusa.

"Aro ne, Baba. Hoto kawai za a ɗauka, a Dapaong. Kafin Layya yana gida."

Ya ce a'a.

"Da Inna tana nan da ta ba ni."

Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa ya kwance igiyar.

Yanzu yana tafe cikin lungu yana kiran lambarta. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira a ƙofar gida, haka. Ya shiga ya sa babbar riga da hula, ya ɗauki sabuwar igiya daga ƙusa, ya kulle ɗaki, ya nufi tasha.

Motocin da ke gangarowa daga arewa duk raguna ne, a kan rufi, a but, wasu ma a cinyar fasinja. Mai hawa arewa kuwa sai da rana ta ɗaga kafin ta cika. Aka sa shi a gaba. Tsakaninsa da direba wani ƙaton ɗan Nijar ne mai fataucin albasa, Jabiru, wanda bakinsa bai rufu ba tun daga Sokode.

"Baba, na ga igiya. Rago za ka sayo? Ka yi dabara, a Dapaong ya fi sauƙi."

"Nawa zan ɗauko."

A jikin gilashin gaba an manna hoton ragon nan mai jan mayafi, na zane. Jabiru ya ɗan buga shi da yatsa.

"Allah ya sa dai ba irin Kapiten Tsage ba ne. Ka san shi, Baba?"

"A'a."

"Kai! Ashe akwai wanda bai san shi ba a ƙasar nan. Bari ka ji. An kai shi za a yanka ran Layya, har an kwantar, sai liman ya duba ya ce a dakata, kunnen nan a tsage yake, layya ba ta halatta da shi. Aka sake shi. Tun daga ranar wuƙa ba ta kama shi. Kuma ta tsagar nan yake jin kukan duk wanda ya shiga uku, daga Sinkase har bakin teku. Matsalarsa ɗaya ce, da baya yake tashi, ba ya ganin inda za shi. Ran nan ya je ceton wata amarya da ta faɗa rijiya, ya ƙare a tukunyar miyar biki."

"Ni na fi son ranar da ya kwashe shanyar matar maigari da ƙaho," in ji direba. "Ya ceci wanda ya je ceto, amma da zanen gado a fuska."

"To shi ya sa akwai tsohuwa mai koko. Tana bin sa ta ƙasa a bayan ɗan zem, mai babur ɗin haya, ludayi a hannu, tana nuna masa hanya." Jabiru ya maƙale murya, ya ɗaga hannu. "Hagu, ɗan nema! Hagun naka, ba nawa ba!"

Motar ta ɗauki dariya har kujerar baya.

Harisu ya juya fuska taga. Haka Sayyada take yi wa duk wanda ya kama mata tukunya za a sauke daga murhu, har ɗaga ludayin. Duk ranar da ake shirin takan shiga maƙwabta ta kalla, ta dawo tana dariya tana share hawaye, tana so ta ba shi labari. Yakan ce ta kawo masa ruwan alwala.

"Baba, wai da gaske ba ka kallo?"

"Ba na kallon shirme."

Jabiru ya koma kan direba da zancen albasa.

Suka wuce Bafilo, suka wuce Kara, motar ta yi ta nishi a hawan duwatsu. Harisu bai ga komai ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a ƙirji. Wadda ta zana labarin nan ta san hukuncin kunne. A gidansa ta koya, tana ƙarama, tana tsugune tana kallonsa yana duba ido da haƙori da kunne da wutsiya kafin ya ɗaure rago a turke. Wannan ya ɗan kwantar masa da rai, ya ce wanda ya sani ba zai bari a yi ba, wataƙila Shamsu ne ke da gaskiya. Can kuma ya tuna shuɗin nan.

Bayan Mango sojoji suka sauke kowa aka duba katin shaida. Aka sake saukewa a gaba. Da suka shiga Dapaong rana ta riga ta karkata.

Bai sha wahalar tambaya ba. Ɗan zem na farko da ya tsayar ya ce, "Masu sinema? Suna Korbongu, a gonar Lamboni. Hau, Baba."

A gindin wata kuka aka kafa aikin. An rataya wani ƙaton koren ƙyalle tsakanin sanduna biyu, janareta yana ruri, wata fanka mai girman tayar tirela tana hura iska. Samari da baƙaƙen riguna suna ta kai da kawo da wayoyin wuta. A gefe wata yarinya ce da aka barbaɗa wa gari a gira don ta tsufa, tana zaune a bayan babur ɗin da ba ya tafiya, mutum biyu suna jijjiga shi, ita tana ɗaga ludayi. A gaban koren ƙyallen kuwa ragon Sayyada ne rataye da faffaɗan ɗamara a ciki, ƙafafunsa huɗu suna lilo, ba su taɓa ƙasa.

Harisu ya ratsa tsakiyarsu. Aka yi ta yi masa ihu da Faransanci. Wani ya kama hannun rigarsa, ya fizge. Ragon ya juyo, ya yi kuka, ya shiga harbin iska.

"Ku sauke shi."

Ba wanda ya motsa. Sai ga Hadiyya ta fito daga bayan fanka da gudu, ta rame, mayafinta ya zame. Da ta iso ta zube a ƙasa.

"Baba. Sannu da hanya."

"Ce musu su sauke shi."

Ta faɗa musu. Aka kashe fanka, aka sassauta igiya, ragon ya dira. Harisu ya kwance jan mayafin ya yar. Ya tsuguna, ya matse kan ragon a hammata, ya kama kunnen hagu. Yankan wuƙa ne, miƙaƙƙe, mai tsabta, ya fara bushewa. Ya haɗa ɓangarorin biyu da yatsunsa, suka zauna daidai kamar ba a taɓa ba. Ya saki, suka rabu. Ya sake haɗawa. Ya daɗe yana riƙe da su.

"Wa ya yi?"

Wani dattijo baƙi siriri, sa'arsa, ya matso yana murmushi, ya cire hular kaba. Shi ne Lamboni mai gonar. Hausarsa ta kasuwa ce.

"Ni ne ya yi, Baba. Wuƙa sabo, mai kyau. Rago bai ji zafi da yawa ba. Mu nan duka tumaki muna yanka ma shi kunne, kowa ya san nashi. Ni ya sa magani kuma, safe da yamma. Duba, babu ƙuda, babu ruwa."

Babu ƙuda, babu ruwa. Aikin ya yi kyau. Harisu ya kalli mutumin.

Shugaban aikin ya iso, wani dogo mai tabarau, ɗan Lome. Ya yi magana mai tsawo, hannunsa a ƙirji. Hadiyya tana fassarawa, kanta a ƙasa. Wai da farko kunnen roba suka yi, suna liƙa shi a kan na gaske. Zafin rana yana narkar da gam, ragon yana girgiza kai ya yar, ran nan ma ya tauna shi ya haɗiye rabi. Wai sun yi asarar kwanaki a kan kunne ɗaya. Wai likitan dabbobi ya duba, lafiyarsa lau. Wai in an ɓata wa Baba rai a yi haƙuri, zai sayo masa raguna biyu waɗanda suka fi wannan.

"Ce masa ban zo ciniki ba."

Ta faɗa. Mutumin ya buɗe hannuwa, ya kalli mutanensa.

Harisu ya sa wa ragon igiya, ya ja shi bayan kukar. Hadiyya ta biyo shi.

"Kina wurin?"

"Da yamma suka yi maganar. Na ce musu ragon layya ne, in aka tsaga ya lalace. Suka yi dariya."

"Dariya."

"Sun ɗauka cikin labarin nake magana, Baba. Sun ɗauka zancen kunnen nan ni na ƙirƙiro shi, kamar tashi da baya. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, waɗanda suke Musulmin ma yaran birni ne, a kasuwa iyayensu ke saye a ɗaure. Wani har ya ce in ajiye maganar, za ta yi daɗi a bakin tsohuwa mai koko."

"Sai kika ce me?"

Ta kalli ragon.

"Ina tambayarki."

"Na ce a bari in yi tunani. Kowa ya gaji, mutum talatin suna jiran kunne ɗaya, kuma littafina ne. Na ce zuwa safe. Da na zo da safe an riga an yi."

"Ragon uwarki kika ce za ki yi tunani a kai."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Me ya hana ki kira ni?"

"In ce maka me, Baba?"

Ya duba rana.

"Akwai malami a garin nan?"

Aka samo keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, suka hau baya da ragon, shi da ita. A zangon Dapaong, unguwar Hausawa, an idar da la'asar ke nan. Malam Abdulƙuddus yana zaune a kan buzu a ƙofar masallaci, tsoho ne mai farin gemu da ƙaramin jiki. Kafin su sauko yaran unguwa sun kewaye keken suna ihu, "Kapiten! Kapiten! Tashi mu gani!" Sai da ladan ya fito da bulala.

Suka gaisa. Harisu ya ja ragon gaba.

"Allah gafarta Malam, kunnen nan nake so a duba."

Malam ya sa aka miƙo masa tsintsiya, ya zare tsinke ɗaya. Ya shimfiɗa kunnen a tafin hannu, ya auna tsawonsa daga tushe zuwa baki, ya karya tsinken daidai nan. Ya lanƙwasa shi gida uku, ya cire kashi ɗaya, ya ɗora a kan tsagar. Tsagar ta haɗiye shi, ta yi saura mai yawa.

"Ya wuce sulusi, Alhaji."

"Ban je Makka ba. Sake aunawa."

Malam ya ɗago ya dube shi, sannan ya zare wani tsinken. Ya auna a hankali, wannan karon ya ja kunnen har ragon ya yi ƙara.

"Ko ta ina na fara, ya kusa rabi."

"In aka ɗinke fa?"

"Tsagagge ne aka ɗinke."

"Na ga ana yanka irinsa a ƙauye."

"Ana yi. Amma ba abin da ake yi ka zo tambayata ba." Malam ya shafa wuyan ragon, ya karkata kai. "Af. Wannan ba shi ne na talabijin ba? Jikokina ba sa bari a kama wata tasha in ana yinsa. Na ga kashin da liman ya duba kunnen. Na ce wa iyalina, wanda ya rubuta abin nan ya zauna gaban malamai."

"Ga ta nan," in ji Harisu.

Malam ya kalli Hadiyya, ya kalli uban, ya ajiye tsinken.

"To. Abin ya riga ya faru. Raguna sun cika gari, ka samu wani ka yi layyarka, ta yi."

"Ba tawa ba ce."

Ya gaya masa. A taƙaice ya faɗa, tsakar gida, mata biyu na riƙe da ita, abin da ta ce. Bai ƙara komai a kai ba.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta," in ji Malam. Ya ɗan jima yana jan carbi. "A wurinmu ba a cika yi wa mamaci layya ba. Sai in shi da kansa ya nuna dabbarsa kafin ya rasu, to ana so magada su cika masa. Ita wannan ta nuna."

"Shi ya sa na zo."

"Wani ragon kuma ba shi ta nuna ba."

"Na sani."

"Ka yanka shi sadaka. A raba naman, ladan ya je mata. Niyyarta kuwa Allah ya riga ya gani, ba ya buƙatar kunne kafin ya rubuta mata."

"Ba sadaka ta ce ba. Layya ta ce."

"Na ji."

"To nemo mini hanya."

"Ba ni da ita."

"Akwai wanda ya fi ka karatu a garin nan?"

"Akwai," in ji Malam, bai ji haushi ba. "Gidansa yana bayan kasuwa. Shi ya koya mini awon tsinken."

Harisu ya tsaya. Mutanen da suka fito masallaci sun taru, kowa yana jefa tasa. Wani ya ce a Saudiyya ba a tsananta haka. Wani ya ce a kai ƙarar masu sinema. Wani saurayi ya matso da waya yana so a ɗauke shi hoto da ragon. Harisu ya yi wa Malam godiya kamar yadda ake yi, ya ja igiya ya fita daga cikinsu.

Da ƙafa suka tafi tasha. Ragon yana bin sa ba gardama, Hadiyya tana baya. A hanya wayarta ta yi ƙara, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta kashe.

"Shugaban aikin ne, ya ce ya sayo ragunan. Suna motar aiki, in ka yarda a kawo su tasha."

"Ku yi layyarku."

Suka ƙara tafiya.

"Akwai sauran kashin da ba a ɗauka ba," ta ce. "Ban ce ka bar shi ba. Ina faɗa maka ne kawai."

"Ku nemi wanda kare ya riga ya yaga wa kunne."

Tasha ta cika maƙil. Kowa kudu za shi, kowa da ragonsa. Ana ɗaure ƙafafu ana miƙawa sama, ana jera su a kan rufi kamar buhuna, kukansu ya hana a ji kiran masu lodi. Suka samu motar Sokode saura wuri kaɗan. Mai lodin ya zo ya kama ƙahon ragon, ya ɗaga gira.

"Kai, Baba, wannan ai sa ne. Na layya ne? Gidanku za a ci nama."

"Ba na layya ba ne."

"Na sayarwa?"

"Sake shi."

Mai lodin ya saki, ya koma kan wani.

Hadiyya ta sayo ruwa ta miƙa masa. Bai ci komai ba tun safe. Ya karɓa, ya zuba a tafin hannu, ya ba ragon. Ragon ya shanye, ya lashe hannun.

"Baba, me za ka yi da shi?"

"Ban sani ba."

"Ko sadakar da Malam ya ce?"

"In na sa masa wuƙa a wata rana, na ƙaryata uwarki. In na sa masa ran Sallah, na yi wa Allah wayo." Ya goge hannunsa a riga. "Ba zan yanka ba."

Ta gyaɗa kai. Ta tsuguna kusa da ragon, ta kai hannu za ta taɓa kunnen, ta fasa.

Harisu yana kallon dabbar. Tun kafin a haifi yarinyar nan yake kiwon raguna, ya san na Balami, ya san na Uda, ya san ciwonsu da maganinsu. Amma duk wanda ya shiga turkensa Sallah yake jira. Bai taɓa ganin tsufan ko ɗaya ba.

"Ke," ya ce. "In ba a yanka rago ba, shekara nawa yake yi?"

Ta ɗago, idonta ja.

"Goma. Wani har sha biyu. Na tambaya lokacin da nake zanen."

"Wannan bai cika biyu ba."

"Bai cika ba."

Ya dubi bayan hannunsa, jijiyoyi da fatar da ta saki, ya maida shi cikin riga.

"To ki fara neman wanda zai riƙa yanko masa ciyawa bayana. Ba ya cin wadda ta kwana."

"Baba..."

"Na gaya miki."

Direba ya buga hon. Mai lodin ya dawo da igiya zai ɗaure ƙafafun ragon a miƙa sama. Harisu ya ce ba za a ɗora shi a rufi ba, iska za ta buɗe raunin. Aka yi ta musu. Direba ya ce motarsa ba garke ba ce, fasinjoji suka ce za su yi wari. Tsohon ya tsaya riƙe da igiyarsa har suka gaji. Aka buɗe masa kujerar ƙarshe, ya shiga da ƙyar, aka turo ragon tsakanin gwiwoyinsa.

Hadiyya ta zagayo ta taga.

"In zo Sallah?"

"Gidan ubanki ne."

Motar ta tashi. A sama ragunan mutane suna ta kuka suna buga rufi da kofato. Gilashin tagar baya ya fashe tun tuni, iska tana shigowa da ƙarfi. Harisu ya jawo kan ragon kan cinyarsa, ya rufe kunnen da tafin hannu.